Kuɗina Lafiyayye, Biskit Ɗinku Fasasshe

  

Na san kun saba jina a kan zancen soyayya da zaman aure, to yau sai ku yi mini haƙuri domin kasuwa za mu shiga, kuma abin da za mu sayo biskit ne. Eh, biskit dai da kika sani, wanda ake tsomawa a shayi. Na tabbata wata har ta fara murmushi tana cewa, "Ita kuma wannan yau ta rasa abin rubutawa ne?" Ki dai biyo ni a sannu ƙawata, in mun kai ƙarshe sai ki yanke hukunci.

Bari in fara da tambaya. Sau nawa kika miƙa wa mai shago kuɗi ya ɗaga ya duba, ya juya gaba ya juya baya, sannan ya turo miki abinki ya ce, "Malama wannan ta yage, canzo wata"? Kuma kika canzo babu musu, domin kin san gaskiyarsa ce. To sau nawa kuma kika karɓi fakitin biskit a hannun shi wannan mai shagon, kika je gida kika buɗe kika tarar rabinsa ya zama gari, kika yi tsaki kika zazzage a tafin hannu kika watsa a baki, shi ke nan magana ta wuce? Shi bai yarda da yagaggen kuɗinki ba, ke kuwa kin yarda da fasasshen kayansa. Don Allah a wace kasuwa aka taɓa yin irin wannan ciniki in ba a tamu ba?

Kada ki ce abin ƙarami ne. Ki dubi inda biskit ya shiga a rayuwarmu a nan Katsina. Ranar da aka kawo kayan sa ranar yarinya, ga goro ga alawa ga cingam ga biskit katan-katan, a raba gida-gida kowa ya shaida an sa ranar wance. To a buɗe katan a gaban gwaggonni da ƙawayen uwa a tarar da gari, wallahi kafin magariba zancen ya zaga unguwa, wai dangin ango ragowar shago suka kwaso, alhali kuwa bayin Allah kuɗinsu suka zuba cif. Ki dubi ɗalibar makarantar kwana da aka haɗa wa ɗan garin kwaki da sukari da madara da biskit, wanda da shi za ta yi maleji har ranar ziyara. Ki dubi mara lafiyar da ba ya iya cin komai sai shayi da biskit. Sannan uwa uba, ki dubi matan aure masu sana'a a cikin gida, waɗanda da ribar biskit da alawa suke sayen sabulu da man shafawa da littafin yara.

A kan waɗannan na ƙarshe abin ya fi ci mini rai, domin a gidanmu na gani. Ina da yaya da ke aure a wajen Ƙofar Marusa, 'ya'yanta uku, mijinta ƙaramin ma'aikaci ne. Tana saye da sayarwa a ɗakinta, kuma da yake ba fita take yi ba, yaro take aika Babbar Kasuwa ya saro mata. Ita da bakinta ta gaya mini ribar katan guda ba ta wuce kuɗin fakiti 5 ko 6 ba. Wata rana na je mata wuni na tarar ta baje katan uku a tsakar ɗaki ta yi tagumi, ta ware fakiti 20 gefe guda, duk sun farfashe. Yaran yanzu kuwa kin san su da wayo, yaro zai ɗauki fakiti ya latsa ya girgiza a kunne, da ya ji yana kacau-kacau sai ya ajiye ya ce, "Umma a canza mini." Ke nan sai dai ta karya kuɗin ta sayar da rabi. Fiye da rabin ribar ya tafi ke nan.

Na ce, "Yaya ba ki mayar ba?" Ta ce ta mayar, dilan ya ce shi ma haka ya saro daga Kano, ba shi ya toya ba. Na ce to kamfanin fa? Sai ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Ke dai da neman magana kike. Ina ni ina kamfani? Haƙuri zan yi, ba rabona ba ne." Wannan kalma ta "ba rabona ba ne" ita ta hana ni barci a daren nan, domin na san gumin Yaya ne, da adashi ta tara jarin.

To wai ma me ke fasa biskit tun yana cikin ledarsa? Da yawanmu hanya muke zargi, kuma babu shakka hanya tana da nata kason. Yawancin manyan masana'antun biskit a kudu suke, wajen Legas da Ogun da Ibadan, sai wasu a Jos da Kano. Tirelar da ta taso daga Legas sai ta ci fiye da kilomita 1,000 kafin kayan su iso mana, ga ramuka ga birki. Da yawa kuma a Kasuwar Singa ta Kano ake fara sauke su, sannan a sake lodi a yi wata tafiyar ta kusan kilomita 170 zuwa Katsina. Duk saukewa da ɗorawa 'yan dako jifa suke yi, wannan ya cilla wancan ya cafe, in ya kuɓuce ya sha ƙasa. A jikin katan akwai kibiya mai nuna sama, wani ma har da adadin da ya kamata a jera, amma wa ya damu? Sai ki ga an jibga har rufin sito, ko yaron shago ya mai da katan kujera yana zaune yana danna waya. Mu kanmu ba mu fita ba, domin in ɓera da sata daddawa ma da wari: wadda ta cusa biskit a ƙasan akwati ta danne da littattafai da takalma, wannan kam kada ta nemi kowa.

Amma akwai wani sirri da ba kowa ya sani ba. A shekarar 2003 wani ɗalibi mai neman digirin dakta a Jami'ar Loughborough da ke Ingila, sunansa Qasim Saleem, shi da malamansa suka yi amfani da hasken lesa suka bi diddigin abin da ke faruwa da biskit bayan an fito da shi daga tanda. Suka gano cewa yayin da yake hucewa, gefe-gefensa yana zuƙar laimar iska yana ɗan buɗewa, tsakiyarsa kuma tana rasa laima tana tsukewa. Wannan ja-in-ja tsakanin gefe da tsakiya shi ke haifar da tsaga siririya wadda ido ba ya gani, sai an ɗan taɓa biskit ɗin kawai ya rabe. Ma'ana, wani biskit ɗin da ciwonsa ya baro gida tun kafin ya hau mota, kuma maganin abin yana hannun masu toyawa, su daidaita zafi da laimar wurin da yake hucewa. Haka nan shiryawa ma a hannunsu take. Ai kin ga wani biskit ɗin a ɗan faranti na roba ake jera shi kafin a sa leda, kin kuma ga ledar soyayyen dankali a kumbure, iska ce ake hura mata da gangan don ta zama matashi ga abin da ke ciki. Ashe sun san yadda ake kare kaya in sun ga dama.

Saboda haka kina iya gane inda gizo ke saƙa da idonki. In katan ya lotse ta gefe guda, kuma fakitin wannan gefen ne kawai suka ruguje, to aikin hanya ne ko sito. In kuwa katan lafiya lau yake, kusurwoyinsa a tsaye, amma ko wane fakiti kika buɗe sai ki ga biskit ya tsage ta tsakiya iri ɗaya, to ki fi kyautata zaton daga masana'anta ne. Katan ɗin Yaya irin na biyun ne, ko ƙwarzane babu a jikinsu.

Yanzu bari mu zo kan abin da ke ɗaure mana baki. An raine mu a kan cewa 'ya mace da kunya aka san ta, da kawaici, da haƙuri, kuma wallahi duk ado ne, ba na musu. Sai dai a wani wurin mun haɗa haƙuri da yarda a cuce mu mun zuba a tukunya ɗaya. Addininmu kuwa bai haɗa su ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tarin, sai ya ji danshi a ƙasa. Da ya tambaya mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tuhume shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nesanta mai algus daga al'ummarsa. Ga sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifin, wadda ta buɗe da narko a kan masu tauye mudu. Littafin Risala da ake karanta mana a Islamiyya shi ma ya hana ɓoye aibin kaya a babin ciniki, kuma malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin zaɓin da mai saye ke da shi idan ya tarar da tsohon aibi a abin da ya saya, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Ki tambayi malamarki za ta ƙara miki haske. Shi ya sa nake jinjina wa masu shagon da ke ware fasasshe su ƙulla a leda su ce, "Wannan fasasshe ne, ga kuɗinsa." Wannan ciniki ne na gaskiya, kowa ya san abin da ya saya.

In kuma kina ganin mace ba ta isa ta ja da kamfani ba, ga labarin mata biyu. Ta farko sunanta May Donoghue, talaka ce mai aikin tsaron kanti a ƙasar Sikotlan. Ranar 26 ga Agusta 1928, a wani gidan shan shayi a garin Paisley, aka saya mata lemon citta a kwalba mai duhu wadda ba a ganin cikinta. Ta sha rabi, da aka tsiyaye sauran, in ji ta, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya faɗo, ta kwanta ciwon ciki. Matsalar ita ce ba ita ta biya kuɗin ba, babu wani ciniki tsakaninta da mai kamfanin, David Stevenson. Duk da haka ta kai ƙara a matsayin wadda ba ta da halin biyan kuɗin shari'a, har magana ta kai kotun ƙoli ta Birtaniya. Ranar 26 ga Mayu 1932 alƙalai uku cikin biyar suka goyi bayanta, cewa duk mai yin abin ci ko sha da zai isa ga mutum a rufe, wajibinsa ne ya kula da lafiyar wanda zai ci, ko da bai taɓa ganinsa ba. Har gobe ɗaliban lauya a Nijeriya sai sun karanta wannan shari'a.

Ta biyu kuwa tamu ce ta gida, kuma a kan biskit ne ma. Wata mata mai suna Osemobor ta sayi fakitin biskit a wani kanti, tana cikin ci ta ji wani abu mai tauri a bakinta, ta fito da shi sai ga ruɓaɓɓen haƙori. Abin ya tayar mata da hankali har ta yi rashin lafiya. Ta kai kamfanin Niger Biscuit da masu kantin ƙara, kuma a 1973 Babbar Kotun Legas ta ba ta gaskiya. Da waɗannan mata sun ce "ba rabona ba ne" sun yi shiru, wa zai san an yi?

Ba cewa nake ki kai kowa kotu a kan fasasshen biskit ba, a'a, abin bai kai can ba. So nake ki san ƙasar nan tana da doka da hukumomi a kan abin da kike saye. Akwai NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 15 ta 1993 don kula da abinci da magunguna. Iyayenmu ba za su manta da marigayiya Farfesa Dora Akunyili ba, macen da ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, ta yaƙi masu jabun magani har aka kai mata hari da bindiga a 2003, ba ta fasa ba. Dokokin wannan hukuma su suka tilasta a rubuta sunan kamfani da adireshinsa da nauyin kaya da ranar da aka yi da ranar lalacewa a jikin fakiti. Sannan akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, wadda aka fara kafawa da dokar 1992 da sunan CPC, daga baya ta koma FCCPC bayan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jiharmu, ya sa hannu a sabuwar dokarta a farkon 2019. Wannan doka ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya samu da aibi, a canza masa ko a ba shi kuɗinsa, kuma takardar da ake mannawa a shago cewa "in an saya ba a maidowa" ba ta goge wannan haƙƙi. Abin da zai ba ki mamaki, tun zamanin CPC a nan Katsina aka ajiye ofishinta na shiyyar Arewa maso Yamma. Ruwa na bakin ƙofarmu muna kwana da ƙishirwa.

To ni dai abin da na yi a kan kayan Yaya, na roƙe ta kada ta sayar da fakiti biyar daga ciki, na ɗauki hotonsu da na katan ɗin, na kwafe lambobin da ke jiki, na zauna na rubuta wa kamfanin wasiƙa a adireshin da suka buga, na kuma tura kwafi ta imel ɗinsu. Gwaggonmu da ta ji labari sai da ta tafa hannu ta ce, "Ɗiyata mi ya yi zafi? Kan biskit za ki kai ƙara Ikko? Kada ki ja a ce gidanmu ba mu da kawaici." Na ce, "Gwaggo ba ƙara ba ce, sanarwa ce. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma in yana Legas ɗakin yana Katsina ai sai an gaya masa."

Mako ɗaya shiru, biyu shiru, har Yaya ta fara yi mini tsiya tana cewa ina amsar Turawan naki. A mako na biyar sai ga waya daga wakilinsu mai kula da wannan yanki, mutum mai ladabi, ya nemi kwatancen gida. Ya zo ya yi sallama da maigidan Yaya a ƙofar gida, ya karɓi fakitin nan biyar ya duba lambobinsu ya rubuta, ya sauke sabon katan guda ya ba da haƙuri. Ranar Yaya har da guɗa. Amma don kada in yi miki daɗin baki, akwai wani kamfanin da na rubuta wa daga baya a kan irin wannan, har yau ko ci kanki ba su ce mini ba. Ba kullum ake dacewa ba. Abin da na yi kawai na gaya wa Yaya ta daina sarin kayansu, ita kuma ta gaya wa matan adashinsu, domin wanda bai ji maganarki ba zai ji rashin kuɗinki.

Ga yadda za ki yi in abin ya same ki. Da farko, tun a shago ki latsa fakiti a hankali ki girgiza, in katan ne ki dubi kusurwoyinsa, in sari ne ki ce a rubuta miki rasit ko da a 'yar takarda ce. Rigakafi ya fi magani. Na biyu, in kin je gida kin tarar da ɓarna kada ki yar da ledar kuma kada ki cinye, domin ita ce shaidarki. Ki nemi wurin da aka buga lambobi, za ki ga MFD wato ranar da aka yi, da BB ko EXP wato ranar da zai daina amfani, da BN ko Batch No wato lambar rukunin da aka toya tare. Wannan ta ƙarshen ita ce uwa, da ita kamfani zai gane ranar da injin da abin ya faru. Na uku, ki fara da wanda ya sayar miki, cikin ladabi, a ranar ko washegari. In ya canza shi ke nan. In ya ce ba ruwansa, sai ki wuce ga kamfani ta adireshi ko lambar waya ko imel ɗin da ke bayan fakiti. Na huɗu, wasiƙarki ta zama gajera, babu zagi babu ƙari. Misali:

"Ranka ya daɗe Manaja, bayan gaisuwa. A ranar kaza na sayi katan ɗaya na biskit ɗinku mai suna kaza a Babbar Kasuwar Katsina. Katan ɗin bai lotse ba, amma fakiti kaza daga ciki sun farfashe. Lambar rukuninsu kaza ce, an yi su ranar kaza. Na ajiye su, ga kuma hotonsu. Ina roƙon a canza mini ko a mayar mini da kuɗina, a kuma duba abin da ya jawo haka. Na gode."

Kin ga ko layi goma bai kai ba. In da Turanci za ki rubuta, wanda kika koya a aji ya ishe ki, ba gasar nahawu ake yi ba, in kuma kina shakka ki kai wa malamarku ta duba miki. Ki ajiye kwafi, ki rubuta ranar da kika aika. Shawarata kuma ga 'yan mata, ki ba da lambar wayar babanki ko yayanki ko maigidanki, kuma da saninsu za ki yi komai, kada neman haƙƙi ya zama ƙofar da wani zai riƙa damunki da kira. In an yi wata guda babu amsa kuma asarar tana da yawa, sai a kai wa FCCPC.

Sai dai ki bambance abu biyu. Biskit ɗin da ya fashe amma ledarsa a rufe take, asarar kuɗi ce kawai, ana iya ci. Wanda kuwa ledarsa ta huje, ko ya yi laushi yana warin tsohon mai, ko ya yi fumfuna, ko kika ga ƙwaro ko wani baƙon abu a ciki, ko kwanansa ya wuce, ko aka kankare kwanan aka buga wani, wannan maganar lafiya ce. Kada ki ci, kada ki ba ƙannenki, kada kuma ki sayar wa 'ya'yan mutane don ki fanshe kuɗinki. NAFDAC ake kai wa irin wannan, kuma suna da ofishi a jihar nan.

Sannan ina jan kunnenku a kan waya. Na san yanzu da abu ya ɓata wa yarinya rai sai ta ɗauki hoto ta watsa a Facebook ko TikTok da zafafan kalamai. A watan Satumba na 2023 wata 'yar kasuwa a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya ya cika zaƙi, magana ta yi tsawo a ƙarƙashin rubutun, kamfanin ya kai ƙorafi, 'yan sanda suka kama ta, har aka gurfanar da ita a kotu a Abuja a 2024. Mutane da yawa sun ga an yi mata tsanani, ni ma ina cikinsu, amma dai in kunne ya ji jiki ya tsira. Ki faɗi abin da idonki ya gani kawai, ki riƙe shaidarki, ki bi ta ƙofar da doka ta buɗe. Kada ki ce "guba suke sayarwa" alhali abin da kika gani fashewa ce.

Wata za ta ce, anya ma suna karanta wasiƙun nan? Ni dai zan ba da shaida daga ɗan ƙaramin abin da nake yi. Lokacin da littafina na biyu ya fito, wata ɗaliba daga Funtuwa ta rubuto mini cewa nata kwafin daga shafi na 32 sai ya yi tsalle zuwa na 49, daidai inda ake jiran a ji amsar da yarinyar za ta ba saurayin. Na ɗauki wasiƙar na kai wa masu ɗab'i, aka bincika aka tarar ɗauri guda ne cur aka ɗinke a haka. Aka janye su aka gyara. Mutum nawa suka sayi irin wannan kwafin suka yi tsaki suka ce marubuciyar ba ta iya ƙarasa labari ba? Allah kaɗai ya sani. Yarinya ɗaya ce ta ɗauki biro, kuma har yau ina yi mata addu'a. Duk mai sana'ar da ke son sana'arsa ta ɗore, ya fi son wanda zai gaya masa a kan wanda zai juya baya ya tafi ba sallama.

'Yan uwana, abin da ya sa na tsawaita a kan ɗan wannan abu shi ne, hali a ƙaramin abu ake koyonsa. Yarinyar da ta saba a ba ta fasasshe ta karɓa ta yi shiru, gobe tela zai ɓata mata atamfar sallah ta yi shiru, jibi a rubuta mata makin da ba nata ba a makaranta ta yi shiru, gata a tauye mata sadaki ko gado ta ce ba rabonta ba ne. Wadda kuwa ta koyi ta tsaya cikin natsuwa, muryarta a ƙasa, hujjarta a hannu, ta ce, "Malam, ba wannan na biya ba," to ta koyi abin da zai yi mata amfani har a ɗakin mijinta, domin ta san yadda ake faɗin gaskiya ba tare da an zubar da mutunci ba. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In kin yafe don Allah bayan kin san haƙƙinki ne, kin samu lada. Wanda kika bari don tsoro kuwa, mai kayan bai ma san kin bar masa ba balle ya gode, kuma gobe 'yar uwarki zai ba irinsa.

Abu ɗaya kawai na cire a cikin wannan doka tawa. In saurayi ya zo zance ya kawo miki biskit, kika shiga gida kika tarar ya zama gari don ya sha zama a aljihu ko a ƙarƙashin kujerar babur, to wannan kam kada ki rubuta wa kowa wasiƙa. Ki zuba a kofi ki kwaɓa da madara ki sha abinki, gobe in ya dawo ki ce an gode Allah ya ƙara buɗi.

Ina jiran wasiƙunku, musamman wadda ta gwada ta ga yadda ta kaya, ko an amsa ko ba a amsa ba, ta rubuto mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu halal ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya kuma tsare mana namu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, daga birnin Dikko.